Faranti Shida da Suka Huce

Ku matso kusa, ku kife talhon nan, wayar hannunku, a kan tabarma, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Ga magana nan tafe gare ku, ku tare ta da hannu biyu, don ba tatsuniya ba ce, rayuwata ce. Zulai autata ke riƙe da alƙalami. Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, abin da hannuna ya sani ludayi ne da kaskon masa. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har da wurin da laifinta yake, kada ta tsallake.

Na san abin da ake gaya muku a Zango. Wasu sun ce kakarku ta je ƙasar Nasara ta zauna a maki, gidan shaye-shaye, kwalaben giya jere a bayanta. Wasu sun ce a'a, zuwa ta yi ta kunyata ɗanta a gaban mutane, ta ƙi taɓa abincinsa. Kowannensu guntu ya tsinta ya ruga da shi. Ni da aka yi abin a kaina, yau zan ba ku shi ɗungurungum.

Daga wajen Dogon Dutsi na zo Wagadugu, a gaban motar kakanku, Allah ya jiƙansa, wanda ke ɗauko albasa daga Nijar. Kayan da na zo da su ba su da yawa: kasko mai ido goma sha biyu, tabarma, da kunyar da uwata ta ɗaura mini tamau kamar zane. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, wannan har gobe ana yi a Zango. To a gidanmu abin ya fi nan nisa. Uwata ba ta taɓa kai loma baki ɗan farinta yana kallo ba, ita ma haka ta tarar da tata uwar. Cewa suke bakin uwa in yana motsi a idon ɗan fari, tamkar ta tuɓe ne. Ba wanda ya zaunar da ni ya karanta mini wannan. Gani na yi na ɗauka. Kuma ba abin faɗa ba ne, don kunyar da aka bayyana da baki ta tashi daga kunya.

Da na haifi na fari, wanda kuke ce wa Kawu Shef, wato babban kuku, ni kuwa Babba nake ce masa a bayan idonsa, ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi zuwa nata gidan, katanga ɗaya tsakaninmu. Can ya girma. Kullum da hantsi in ina suya a ƙofar gida, sai in hango shi a gindin dogon yaro, hannuwa a baya, ya zuba wa kaskona ido. Ban taɓa kiransa ba. Sai in zuba masa uku a ganye, in miƙa wa duk wanda ke kusa in ce a kai wa wancan. Sau da yawa kafin ta isa hannunsa ta huce. Ni a zatona yunwa ke tsai da shi. Ashe hannuna yake kallo, yadda nake juya masa da tsinke ba ta fashe ba.

Ya fara da wankin tukwane a wani otel a tsakiyar gari. Wani kuku Banasare ya ga hannunsa, ya tafi da shi Abijan, daga can sai Faransa. Zulai na da shekara huɗu ya tafi. Cikin shekara goma sha tara sau biyu ya zo gida, rasuwar kakarsa da rasuwar ubansa, kuma kun san a zaman makoki ba mai lura da wanda ya ci da wanda bai ci ba.

Shekarar da nake ba ku labari, bayan babbar salla, ya kira Zulai, lokacin tana ƙarasa karatunta a jami'ar da ke unguwar Zogona. Ta zo mini da gudu, gyale a hannu.

"Inna, an ba Yaya shugabancin madafa gaba ɗaya! Ya ce abu ɗaya yake roƙo a duniya, ki zo ki ci abincinsa sau ɗaya."

Na ce, "Ya aiko mana a kwano."

"Inna, Faransa fa!"

Maganar ba ta kwana ba sai da ta isa kunnen Malam Idi, yayan mijina, wanda tun bayan rasuwar kakanku shi ne uba a gidan nan. Kun san shi da karantarwa a zauren masallacinmu, mutum ne mai tsoron Allah, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Kuma shi ne tun ina da ƙuruciya ya ɗora mini tukunyar kunun masallaci, duk azumi ni ke damawa, shekara ashirin da bakwai. Ya zo ya zauna a kan buzunsa, ni ina daga bakin ƙofa.

"An ce gidan da yaron nan ke aiki a tsakiyar gonakin inabi yake, inda ake matse giyar da duniya ke sha. An ce har cikin miya suke zuba ta."

Na ce, "Haka na ji, Malam."

"In za ki je, ki je ki dawo da shi. Amma abincin gidan nan kada ya ratsa maƙogwaronki. Uwa in ta ci, ta sa hannu ke nan."

Na ce, "Na ji, Malam."

Ku lura, na ji na ce, ban ce na yarda ba. A raina na riga na tsara yadda za a yi. In mun je zan sa Zulai ta bincika mini abin da ya shiga tukunya. In da tsarki, za a kawo mini ɗaki a rufe kamar yadda ake kai wa manya, in saki labule in ci, in mai da kwano wayam. Shi ya ji daɗi, ni ban keta komai ba. Ban san akwai ƙasar da ake cin abinci a gaban mai dafawa ba.

Biza ta ci mana wata uku. Jirgin sama ba zan ba ku labarinsa ba, idona a rufe na yi shi ina jan carbi. Abin da ya tsaya mini shi ne safiyar da jirgin ƙasa ya shiga da mu yankin da suke kira Burgonyi. Hazo ne fari a kwance a ƙasa, ba ƙura ba, ruwa ne da bai yanke shawarar sauka ba. Yana yayewa a hankali sai ga tuddai, kowane tudu an yi masa kitso layi-layi tun daga gindi har ƙeya, ba gashi ɗaya da ya fita. Ganyen ya fara ja, wani ruwan zinariya. Mutane ƙanana-ƙanana da kwanduna a baya suna tafiya tsakanin layukan ba ka jin motsinsu. Na tuna matan unguwar Pisi ta can gida masu fasa dutse a rana, na ce ikon Allah, wata ƙasa dutse take ba mutanenta, wata kuwa wannan. Sai kuma na tuna abin da za a yi da 'ya'yan itacen, zuciyata ta yi nauyi. Abu mai kyau haka, a ajiye shi a duhu har ya lalace, sannan a ce ya yi daraja.

Babba ya tarye mu a tasha. Ya tsuguna a kan siminti ya gaishe ni, na amsa ina kallon wani agogo a bango. Takalmansa kawai na kalla sosai, da gefen gemunsa da na ga ya fara furfura. Ya sauke mu a wani ɗaki a bayan gidan aikinsa, ya ce wa Zulai gobe da azahar ne.

Washegari na sa leshina mai ruwan toka, na yafa mayafi. Gidan tsohon gini ne na dutse, an ce da can rumbun gangunan giya ne, amma ciki an gyara shi da farin katako da gilas, haske na sauka daga sama kamar a cikin rijiya mai faɗi. Tebura ba su wuce goma sha biyu ba. Mutane na cin abinci suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu jinya, ba mai kiran wani, ba mai dariya da ƙarfi. Bango ɗaya kwalabe ne kwance tun daga ƙasa har rufi, kowace a raminta, kamar jemagu suna barci. Na kau da kai. Mai gidan, wata tsohuwa siririya mai farin gashi da kowa ke ce wa Madam, ta riƙe hannuna da nata biyu, ta yi magana mai tsawo. Zulai ta ce cewa take ɗana ya fi ƙarfin a yaba masa da baki. Na ce a ce mata ina gaisuwa.

Sai aka kai mu teburin da suka ce shi ne na girmamawa. An riga an kwashe kofunan giya daga kansa, ruwa kawai aka bari. Ina zama na ɗaga kai. Bangon da ke fuskantata gilas ne zalla, bayansa madafa ce, tas kamar ɗakin likita. Mutum bakwai ko takwas cikin fararen kaya suna kai da kawowa ba sauti, kamar kifaye a ruwa. Wani na ɗora ganye ɗaya a kan faranti da ɗan hantsaki irin na cire ƙaya. A tsakiyarsu Babba yake tsaye, hannuwa a baya, ya zuba mini ido. Taku biyar ne tsakaninmu.

Wata doguwar yarinya mai baƙaƙen kaya ita ke kawo abinci. Kowane faranti da kirarinsa, sai ta tsaya ta jero shi tukuna, Zulai na mayar mini da Hausa. Na farko ƙwai ne aka yanke kansa, aka cika shi da wata kumfa, aka zaunar da shi a kan busasshiyar ciyawa kamar yanzu kaza ta tashi. Na ce a raina ɗanɗanon gishiri ne aka kawo, abincin na tafe. Na ɗaga hannu zan ɗauki cokali, na saci kallon gilas, idonsa na kaina. Hannuna ya koma cinyata da kansa. Na ce bari ya juya. Bai juya ba. Yarinyar ta zo ta tsaya, ta kalli ƙwan, ta kalle ni, ta ɗauke shi a hankali kamar mai ɗaukar jariri.

Na biyu wani jan dankali ne, an yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, an naɗe shi ya zama fure, faranti kuwa faɗinsa ya kai faifai, furen shi kaɗai a tsakiya. Na uku aka kawo a rufe da murfin gilas, ciki fari fat. Da ta ɗaga murfin hayaƙi ya tashi ya bi fuskata, ƙamshin itacen inabi da aka ƙona, yana washewa sai ga ɗan kifi tsawon yatsa biyu kwance a kan miya koriya. Wallahi yawuna ya tsinke. Tun shayin asuba ban sa komai a ciki ba.

Zulai ta cinye nata, ta sunkuyo.

"Inna, ki ci mana. Yaya na kallo fa."

Na ce, "Ai shi ya sa."

Ba ta gane ba. Yaya za ta gane? 'Yar Wagadugu ce, auta, a cinyata ta girma muna cin kwano ɗaya, ba ta taɓa ganina da yayanta a wurin cin abinci ba.

"Maganar Baffa Malam ce ko? Inna, na tambaya, ba ko ɗigo."

"Ce wa yarinyar nan ta juya mini kujera, in fuskanci taga."

Ta zaro ido. "Ki ba shi baya?"

"Yi abin da na ce."

Aka juya kujera. Na sauke ajiyar zuciya, na ce yanzu kam zan ci. Ga gonakin inabi shimfiɗe a gabana cikin rana mai laushi, har inda ido ya ƙare. Aka kawo na huɗu, laimar kwaɗi, wadda muke takawa da damina, su a wurinsu abin sarauta ce, daga daji ake tsinto ta da asuba. Na kai hannu. Sai na ga fuskarsa a jikin gilashin tagar, tana shawagi a kan tuddai, farar hularsa ta haɗe da gajimare, layukan inabi na ratsa ƙirjinsa. Idon nan dai yana nan. Na rasa a farke nake ko a mafarki. Na ga kamar gindin dogon yaro ne ya biyo ni har nan, ya tsaya a sararin sama. Hannuna ya sake komawa.

Na biyar tantabara ce, ƙirjinta kawai, da 'ya'yan inabi biyu gasassu. Na shida naman ɗan rago, kuma da aka ajiye shi na ji wani ƙamshi can ƙasa-ƙasa da na sani, daddawa ce, ya ɓoye ta a cikin miyar Nasara kamar mai ɓoye laya a hula. Duk suka koma yadda suka zo. Zulai ta daina cin nata, tana share ido da farin ƙyallen tebur. Mutanen teburin kusa, da ke zaƙulo dodon koɗi daga ɓawonsa da ɗan ƙarfe, sun fara satar kallonmu.

Faranti na bakwai bai zo ba. A jikin taga na ga fuskar ta ɓace, tuddai suka saura su kaɗai. Sai na ji taku a bayana. Ya zagayo, ya cire hularsa, ya tsuguna a ƙasa a gaban mutanen da ke biyan kuɗi don su ga ƙeyarsa, shugaban madafa guda. Hausarsa ta yi tsatsa, yana magana yana laluben kalma.

"Inna, na san abin da Baffa Malam ya ce. Zulai ta gaya mini a talho tun kafin ku taso."

Na kalli Zulai. Ta sunkuyar da kai. To ga laifinki na farko, rubuta.

"Tukwane sababbi na saya saboda ke. Wuƙa sabuwa, cokula sababbi. Tantabarar da ragon da hannuna na yanka, na fuskanci gabas, na ambaci sunan Allah. Ban bar kowa ya taɓa naki ba. Amma in abin hannuna ya haramta gare ki, na ji. Ba zan ƙara roƙo ba. Gobe in kai ku tasha."

Bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba. Da ma ya yi. Irin muryar da mutum ke rufe ƙofa da ita a hankali don kada ta yi ƙara, ita ya yi. Nan na gane abin da na aikata. Ni ina can ina tsare kunyar uwata, shi yana nan yana ƙirga faranti, kowane ɗaya ya koma sai ya ji an ce masa kai ba ɗana ba ne. Bai san al'adar gidanmu ba. Wa zai gaya masa? Wadda ta raine shi ba 'yar garinmu ba ce, ni kuwa ban taɓa yi masa magana mai tsawon hannu ba. Kuma ko a lokacin bakina ba zai iya bayyana masa ba. Na san in ya miƙe daga tsugunon nan ban ci ba, zai ci gaba da aiko da saƙo, zai zo jana'izata, amma na rasa shi.

Idona ya sauka a hannuwansa da ya dafa gwiwa da su. Duk tabon ƙuna ne, ƙanana-ƙanana, na tsalle-tsallen mai. Na dubi nawa. Iri ɗaya.

Na ce wa Zulai, "Tambayi wancan, ina farantan da aka kwashe?"

Ya amsa yana kallon ƙasa. "Suna nan. Na kasa zubarwa."

"Ce a dawo mini da su. Duka shida."

Ya ce, "Inna, sun huce. Kumfar ta kwanta. A gidan nan ba a..."

"Ce masa shi ma ya sha cin masata a huce."

Yarinya mai baƙaƙen kaya da ta ji abin da ake nema ta dafe ƙirji, ta waiga wajen Madam. Tsohuwar ta daɗe tana kallona daga inda take, sannan ta gyaɗa kai. Aka jawo wani tebur aka haɗa da namu, aka jera faranti shida, farare, kewayayyu, kamar wata shida sun sauko sun kwanta a gabana. Na ture cokula da wuƙaƙen da aka jera mini kamar kayan wanzami, na ce a kawo ruwan wanke hannu. Aka kawo a wata tasa mai ƙyalli.

Babba ya yunƙura zai koma madafa. Da na bar shi ya tafi, da na ci cikin sauƙi. Amma na san zuciyar ɗan Adam, wata rana shaiɗan zai raɗa masa cewa Zulai ce ta cinye don ta rufa asiri.

"Ce ya zauna inda yake."

Na yi bisimilla. Tsakanin faranti da bakina bai fi kamu ɗaya ba, amma ban taɓa tafiya mai nisan wannan ba, har da ta Dogon Dutsi zuwa nan. Na ji kamar a tsakiyar kasuwa aka kwance mini zane. Na ji uwata tsaye a bayana, kuma kallonta ya fi duka ciwo. Na sa loma. Na tauna, yana kallo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙwan nan bai yi mini ba, kumfar ta zama ruwa. Amma kifin, ko da ya huce, hayaƙin na nan a jikinsa, kamar zanen da ya kwana kusa da murhu. Laimar kwaɗin da na raina, ina tauna ta na ji ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, har na ga gonar ubana da idona, da shanu suna dawowa. Tantabarar ta narke tun kafin haƙori ya same ta. Ragon kuwa, daddawar ta fito ta gaishe ni. Ashe abin da yaron nan ke yi a duk shekarun nan ke nan: yana ɗaukar wuri guda, da safiyarsa da iskarsa, ya dunƙule shi ya zama loma ɗaya. Na bi faranti ɗaya bayan ɗaya, na suɗe miya da yatsa, ban bar ko ganyen da aka ɗora da hantsaki ba. Wani tsoho a teburin can ya ɗaga mini kofinsa, na kau da fuska.

Da na gama na wanke hannu, na ce wa Zulai, "Ce masa na ƙoshi. Ce masa Allah ya yi albarka."

"Inna, ga shi a gabanki, yana ji."

"Ke dai ce masa."

Ta faɗa masa. Ya kifa fuskarsa a cikin hular da ke hannunsa, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka, ban kuma duba ba. Maganar ƙoshi kuwa, Allah ya yafe mini, muna komawa ɗaki na kwance ƙullin dambun naman da na zo da shi.

Laifin Zulai na biyu, lokacin da nake ci ta ɗaga talho ta ɗauki hoto, ta aika wa ƙawarta guda ɗaya a Zogona. Guda ɗaya, in ji ta. Kafin jirginmu ya sauka hoton ya gama zaga Zango. Ga ni nan hannu cikin faranti, ga bangon kwalabe a bayana tun daga ƙasa har rufi. Babba da ke tsugune bai fito a hoton ba.

Kwana biyu da dawowarmu Malam ya zo, bai shimfiɗa buzu ba.

"Kin ci?"

"Na ci, Malam."

"Kin sha?"

"Ban sha ba. Kuma abin da na ci da tsarkinsa."

"Kin dawo da shi?"

"Ban dawo da shi ba."

Ya jima yana jan gemu. Ya ce, "Allah ya shirye mu baki ɗaya." Ya juya.

Da azumi ya kama, aka zo aka ɗauki babbar tukunyar masallaci daga tsakar gidan nan aka kai wani gida. Da la'asar, lokacin da na saba tsayawa kan kunu ina gumi, yara na layi da bokitai, sai in zauna in ji ana daka a wata unguwa. Wata guda cur ina zaune da hannuwana a cinya. Wannan shi ne kuɗin abincin da na ci, kuma ban ce an cuce ni ba. Kada in ji ɗayanku ya zagi Malam. A kan kwalaben nan gaskiyarsa ce. Ni ma ranar da za mu taso na sa Zulai ta gaya wa yayanta a tasha cewa bangon nan bai kwanta mini ba, kuma ba zan daina roƙon Allah ya ba shi madafar da babu shi ba. Ya ce amin. Abin da Malam bai gani ba, ni na gani, shi ne mutum tsugune yana shirin rufe ƙofa.

Malam Idi ya rayu shekara uku bayan nan. Bai ƙara cin abin hannuna ba, amma bai taɓa wuce ƙofata bai yi sallama ba. Ranar sadakar bakwai ɗinsa ni na tuƙa tuwon, almajiransa manya suka ci, ba wanda ya tambayi wa ya dafa. Tukunyar masallaci ba ta dawo ba, tana gidan da aka kai ta, kuma an ce kunun yana daɗi. Masu sayen masata wasu sun gudu, yawancinsu yunwa ta dawo da su. Madam ta rasu a wani sanyi, an ce a gonarta aka same ta zaune. Doguwar yarinyar, in ji Babba, har yau in sabon ma'aikaci ya zo sai ta ba shi labarin tsohuwar da ta ci faranti shida a huce da hannu. Zulai ga ta nan, tana koyarwa a lakwal a unguwar Tiyandipalogo, ta yi aure ta haifi nata ɗan farin, kuma sunansa take kira tun daga ƙofar gida har kan titi, ban hana ta ba.

Babba yana can. Bangon kwalabe ma yana can, addu'ata ba ta karɓu ba tukuna, ina kan yi. Amma yanzu duk shekara in an gama tsinkar inabi sai ya zo, ya yi wata guda, ya karɓe mini murhu, ya cika gidan nan da ƙamshi har maƙwabta su leƙo. In an zuba, ku ku zauna da shi a tsakar gida. Ni in ɗauki nawa in shiga ɗaki in saki labule, kamar yadda uwata ta yi. Sau ɗaya ne na ci a idonsa, a duk tsawon rayuwata. Bai ƙara nema ba, ni ma ban ƙara ba. Ɗayan nan ya ishe mu, ni da shi.